Tsohuwar Is'af a Bayan Gidan Kawu

Shekarun da na yi ina karatu a Makka, a wurin kawuna na zauna, a Ka'akiyya. Yayan mahaifiyata ne, tela, ya zo aikin Hajji tun ina goye bai koma ba. A unguwar kowa ya san shi da tsohon soja. Mahaifiyata kuwa ta ce iyakar saninta, maɓalli yake ɗinka wa sojoji a bakin bariki a Kaduna. Yana da tabo a ƙwauri wanda ya ce na harsashi ne. Ita ta ce keke ne ya zubar da shi a kwata.

Bayan gidan akwai wani fili inda masu tashlihi, wato masu fasa tsofaffin motoci su sayar da kayan, suke jibge abin da ya rasa wuri a shagonsu. Wata rana muka tashi muka ga an ajiye wata doguwar mota, irin wagon ɗin nan ta da mai ƙofa a baya. Koriya ce da rana ta cinye, ba taya, ba gilashi, ba tambari ko ɗaya. A ƙofar gefe akwai ragowar jan jinjirin wata, a ƙasansa an rubuta is'af da Larabci, wato motar ɗaukar marasa lafiya. Ciki ba kujeru, sai wasu ƙarafa biyu a shimfiɗe inda ake zura gadon majinyaci.

Muna dawowa daga La'asar kawu ya gan ta, ya ja ya tsaya. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya tura kai ta taga ya shaƙi warin ciki.

Ya ce, "Fijo ce, 404, ta soja. A irinta aka ɗauko ni daga bakin daga."

Na ce, "To kawu, me ya kawo ta Makka?"

"Kai me ya kawo ka?"

Muna da maƙwabci Badamagare, tsohon direba, abokin kawu ne na shekaru, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, har ganin wata. Yana jin kawu ya ce Fijo sai ya matso yana gyara hula.

"Alhaji, ji tsoron Allah. Dubi ƙugunta. Reno ce, ta sojan Faransa. Na bi bayan irinta tun daga Damagaram har Agadas."

Kawu ya ce, "A ƙasa ka bi ta, ko a kan raƙumi?"

Daga ranar musu ya samu wurin zama. Kullum bayan La'asar sai a fito da kujeru da butar shayi a kewaye gawar motar. 'Yan Najeriya suka tsaya a kan Fijo, 'yan Nijar suka ce Reno ko a mutu. Samarin da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce neman abinci ba, sukan wuce su jefa, "Amrikiyya ce, ya ammi," wato ta Amurka ce, baffa, su bar tsofaffi da tsaki. Mutanen da ko taya ba su taɓa canzawa ba duk suka zama masana. Na ga wani mai sayar da turare yana auna faɗin fitilar da carbinsa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka ce tunda ni ne ɗan jami'a in tambayo waya. Na ɗauki hotuna na tura wani zaure na masu son tsofaffin motocin soja, inda na tarar da irin su kawu daga kowace ƙasa, sai dai su da Turanci suke nasu. Wani ya ce ta Jamus ce saboda marikin ƙofa. Wani ya ce duk mai faɗin haka bai taɓa ganin mota ba. Na uku ya ce a duba lambar jikin inji. Muka taru muka ɗaga bonet da ƙyar, ba inji, sai kyanwa da 'ya'yanta. Kawu ya ce ai soja cire injin yake yi don sirri. Badamagare ya ce haka ne, sojan Faransa ma sun fi kowa yin haka.

Labarin kawu kuwa kullum ƙara ƙiba yake. Da farko shi kaɗai aka ɗauko. Daga baya suka zama su da yawa a jibge. Can sai direban ya suma, kawu ya karɓi sitiyari da harsashi a ƙafa. Wata rana har ya shiga bayan motar ya kwanta a kan ƙarafan don ya nuna yadda aka shimfiɗe shi, sai da muka kama shi mu biyu muka zaro shi, bayan rigarsa duk tsatsa.

Ana cikin haka wani dattijo ya kawo wa kawu ɗinkin jallabiya. Tsohon mazaunin unguwar Nakkasa ne, da aka rushe gidajensu ya koma can bayan gari. Bai samu kawu a shago ba, aka nuno masa fili. Yana hango motar ya saki ledar yadin, ya yi ta dariya har sai da aka ba shi kujera.

Ya ce, "Ashe kina nan, 'yar albarka!"

Tasa ce. Ya ce hancin na Fijo ne, bayan na wata motar Japan ce, ƙofofi kuwa duk wadda ta shiga ita aka sa. Wani mai walda a Nakkasa ya haɗa masa. Koren fentin ragowar na ƙofar gida ne, jinjirin watan kuma shi ya zana da murfin tukunya. A shekarun baya, in lokacin Hajji ya zo, yakan kwaso waɗanda ba su da tasrihi, takardar izinin shiga Mina da Arfa, ya kwantar da su a baya ya lulluɓe da zanin gado, ya kunna jiniya. Askarawa masu tsaron shinge na ganin kore da jan wata sai su buɗe hanya. Haka ya yi ta yi har shekarar da aka kama shi.

Sai ya juya ya dubi kawu.

"Ai Alhaji ya san ta. Ba kai ne ka yi ta nishi ba, har askar ya leƙo ya ce Allah ya ba ka lafiya? Na ce maka ka rage, za ka tona mu."

Badamagare ya fashe da dariya yana dukan cinya, hularsa ta faɗi.

Dattijon ya ce, "Kai kuma dariyar me kake? Wa na sa wa farar riga ya riƙe ledar ƙarin ruwa? Ruwan famfo ne a ciki, ka ɗaga ta a juye."

Har yau ban sani ba ko mantawa suka yi, ko kuwa kowanne yana fatan ɗayan ne ya manta. Kawu dai ya kaɗe rigarsa ya miƙe.

Ya ce, "Na ce na kwanta a ciki ko ban ce ba? Kuma kun ji da kunnenku, hancin na Fijo ne."

Ba a jima ba masu tashlihi suka zo suka janye ta. Kawu da Badamagare suka ci gaba da zama a filin, kuma a karon farko bakinsu ya zo ɗaya: mutumin Nakkasa ya tsufa, ya fara ruɗewa, dama can ba a kama maganarsa. Da dattijon ya dawo karɓar jallabiyarsa, ya tarar hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, aljihun kuma da wani yadi daban. Ya ɗaga ta yana salati. Kawu bai ko ɗago daga kan keke ba, ya ce duk wanda ya shiga shi aka sa, in bai yi masa ba ya kai wa mai walda.