Ranar da Ardo ya gwada Fulatancina

Shekarar da shagona na takin zamani ya durƙushe, na yi wata bakwai ina zaune, har bencin mai shayi ya ɗauki siffata. Sai ga labari wata ƙungiya na neman waɗanda za su riƙa bin rugagen Lajawa da Dagumawa suna yi wa makiyaya bayanin rigakafin shanu. Albashi duk wata. Ni kuwa ga iyali, ga buhun masara ya kusa ƙasa.

Na je shagon kwamfuta a Sabon Gari a buga min takardar neman aiki. Mai shagon abokina ne tun firamare. Da muka zo layin harsuna ya ce, "Fulatanci fa, mutumina?"

Na ce, "Kakata Bafulatana ce, a bayanta na girma."

Ban ƙara da cewa ta rasu ina shekara huɗu ba.

Ya ce a Turance mataki uku ne. "Fair" na mai tsintar kalmomi, "good" na mai iya ciniki, "fluent" kuwa na wanda harshen ke zuba daga bakinsa kamar famfo. "Wanne zan sa?"

"Sa min famfon."

Ranar intabiyu na shiga ɗakin da babbar riga mai sitaci. Mutum uku ne a teburin: wata Hajiya mai tabarau, ita ce shugaba, sai likitan dabbobi, sai wani tsoho siriri da ya jingine sandarsa a bango. Ina ganin sandar nan na san Bafulatani ne.

Tambayoyin farko na cinye su. Na yi bayani da Hausa har likita yana gyaɗa kai. Sai Hajiya ta ɗora yatsa a kan takardata.

"Malam, na ga ka rubuta fluent a Fulatanci. Madalla, irinku muke nema. Ardo, bismillah."

Tsohon ya gyara zama. "A waali jam?"

"Jam," na ce, da ƙarfi, wato lafiya.

Ya ci gaba da gaisuwa, ina ta jam. Ina jin ya tambayi gida, da yara, da shanun da ban mallaka ba. Na fara tunanin ko Allah zai sa gaisuwar ta kai mu azahar.

Ba ta kai ba. Ya sauya murya, ya jero magana doguwa, ya shafa cikinsa, ya ɗaga yatsu, sannan ya tsaya yana kallona.

Ko kalma ɗaya ban kama ba. Gumi ya jiƙa sitacin, rigar ta manne a bayana. Na yi tunanin tari. Na yi tunanin suma, amma da wannan jiki nawa sai an kira mutum shida. Jam ɗin tana bakina, tana neman fita. Wataƙila ta dace, wa ya sani? Hajiya ta cire tabarau tana jira.

Na haɗiye ta. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Daga gaisuwa nawa ya ƙare."

Likita ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ardo bai yi dariya ba. Ya juyo da Hausa, a hankali.

"Ɗana, cewa na yi saniyata cikinta ya tsufa, a yi mata allurar ko a bari. Da a ruga ne ka ce min jam, kamo maka ita zan yi, a yi mata allurar."



Hajiya ta miƙo min biro. "Gyara da hannunka, Malam."

Na ja layi a kan kalmar, har biron ya huda takardar. Na ce, "Hajiya, ko a haɗa ni da tafinta?"

"To shi tafintan ai shi za mu ɗauka," in ji ta. "In ka fita ka turo mana na gaba."