Karkatacciyar Bindigar Yaya

Ku gyara zama, yau labarin Auta mai gyaran talabijin ne, mutumin da furfura ta cinye masa kai amma har gobe ba wanda ya san shi da wani suna sai Auta.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai wanki da mai sayar da tayoyi. In ka leƙa, warin dalma ne zai fara yi maka maraba, sannan ka hango shi a duƙe, gilashi a karan hanci, yana lallashin wata tsohuwar talabijin mai ƙusumbi kamar mai jinya. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya uku. In ka tambaye shi wa ya koya masa, sai ya ce, "Akwatin Kawu."

Kawunsu yana da shagon lemo a da. A kusurwar shagon akwai wani akwatin wasa da ya fi mutum tsayi, da bindigogin roba uku ɗaure da waya: ja, shuɗiya da koriya. A allon, tsuntsayen ƙarfe ne ke kawo wa wani jirgin ruwa hari, mutum uku su jera kafaɗa suna kakkaɓo su. Can ƙarshe uwar tsuntsayen ke fitowa, mai ido uku, kuma ba ta mutuwa sai an harbi idanun nan a lokaci guda. Ja ta Auta ce. Shuɗiya ta abokinsa Dogo, wanda daga baya ya zama direban babbar mota. Koriya kuwa ta Yaya ce, yayar Auta, wanda ya taɓa mata ya sha ranƙwashi. Sau biyu suna isa gaban uwar tsuntsaye, sau biyu tana cinye su. Kafin su yi na uku, ruwan sama ya fasa rufin shago ya yi wa akwatin wanka. Auta ya buɗe bayansa yana hawaye, ya ga wayoyi cunkus, ya rantse sai ya san abin da kowacce ke yi. Kawu kuwa ya sayar wa 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Bayan shekara arba'in, Auta ya je wajen 'yan gwangwan neman kayan gyara, sai ya hango wani abu kwance ƙarƙashin matattun firiji. Ya jawo bindiga ja, ya ga shatin haƙora a gindinta. Haƙoransa ne. Nan yake cizo duk ranar da aka cinye su.

Ya ɗauko akwatin a kan kurar dako har gida, ya jingine a baranda. Shekara huɗu yana fama da shi. Matarsa, Maman yara, ta mayar da bindigogin wurin shanya tawul, kuma kullum sai ta tambaya, "Malam, wai yaushe ne jana'izar gawar nan?"

"Ba gawa ba ce, suma ta yi."

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne allo. Bindigogin nan hasken kwalbar tsohuwar talabijin kaɗai suke gani, in ka sa musu shafaffen allon zamani sun zama makafi. Kwalba ɗaya tak ya samu mai girman da ya dace, ita ma ta tsufa tukuf. Ya san halinta: za ta yi rabin awa tana haske, daga nan ta fara dushewa, in kuma aka kashe ta da zafinta, wataƙila ba za ta sake tashi ba. Wato dama ɗaya gare su.

Ranar Asabar da la'asar ya rataye barguna a baranda don a samu duhu, ya jera fanka biyu a bayan akwatin. Dogo ya zo da tumbinsa a gaba. Yaya ta zo a nutse, da jakarta a hammata. Ta yi ritaya daga aikin nas, kuma tun da aka yi mata aikin ido bara ba ta cika son fita ba.

"Auta, don wannan shiriritar ka taso ni?" in ji ta. Amma hannunta ya riga ya kai kan koriya.

Ya danna makunni. Akwatin ya yi gurnani, ya yi tari, sai ga teku shuɗi ya bayyana, ga ɗan jirgin nan yana lilo, ga kiɗan nan mai kama da kukan gyare. Dogo ya dafe kai.

"Kai! Kai! Injiniya, ka tashi matacce!"

"Bar surutu, ga su nan ta hagunka!" in ji Auta.

Tsuntsaye suka ɓarke kamar an watsa gero. Tas! Tas! Auta na harbi yana tsalle, gwiwar da ke damunsa ta manta da ciwo. Dogo na ihu yana zagin tsuntsaye har kakanninsu.

"Wannan nawa ne, kar ka taɓa min!"

"Naka a ina? Tumbinka ya tare rabin allo!"

Sai da aka wuce zango na biyu Auta ya lura ɓangaren Yaya shiru. Ita da a da ba ta ɓarin harsashi, yanzu ko fiffike ba ta taɓa ba. Tana ɗana kunama, harbin na faɗawa cikin ruwa. Tsuntsayen ɓangarenta suna ta saran jirgi, ga kuma gefen allon ya fara yin duhu-duhu.

"Yaya, dama! Dama!"

"Ina gani!" Ta sake harbi, ta sake kuskure. Sai ta sauke bindigar a hankali. Muryarta ta yi ƙasa. "Ku nemi wani. Idon nan ya tafi, Auta. Likita dai ya faɗa ne don in ji daɗi."

Babu ita, babu ido na uku. Auta ya saci kallonta yana harbi da hannu ɗaya. Ta sake ɗaga bindigar, kamar ta yi gwajin ƙarshe, sai ya ga inda ta saita: ba kan tsuntsun ba, kamar taƙi guda a damarsa. Harbin kuwa ya sauka daidai inda ta nuna.

Nan take abin ya faɗo masa. Tun suna yara Dogo ya taɓa yar da koriya a ƙasa, ɗan gilashin bakinta ya goce, ta koma harbi hagu. Shi ya sa ba mai son ta sai Yaya, wadda ta koyi saita dama don ta samu tsakiya. Shi kuma Auta gwanin gyara, sati shida ya yi yana miƙe ta har ta zama sak!

"Yaya, idonki ƙalau! Ni ne na ɓata ta!"

"Ka ɓata ta?"

"Na gyara ta!"

Wasan nan ba a tsayar da shi, ba kuma halin kashewa. Auta ya ƙwala kira, "Maman yara! Zo ki riƙe min!"

Ta fito da ludayi a hannu. "Ni? Gawar?"

"Nuna ki danna kawai!"

Ya cusa mata ja, ya fizge koriya, ya zaro sukundireba daga aljihu. Ya kwance bakin bindigar, ya ture ɗan gilashin da ya sha wuyar daidaitawa, ya cusa tsinken ashana ya tokare shi a karkace. Ransa ya sosu, amma ya ɗaure noti. A bayansa kuwa Maman yara ta yar da ludayi tana ihu, "Na samu ɗaya! Dogo matsa, kana tare ni! Ɗan banza, zo nan!"

Yaya ta karɓi bindigarta, ta auna nauyinta, ta saita dama. Tas! Tsuntsu ya tarwatse. Tas, tas, tas! Uku a jere.

"Ta dawo!" Dogo ya yi kururuwa. "Mai allura ta dawo!"

"Rufe baki ka kula da gabanka," in ji Yaya, tana murmushi har kunne.

Auta ya miƙa hannu zai karɓi ja, Maman yara ta make shi da gwiwar hannu. Da ƙyar ya ƙwace, bayan ya yi alkawarin ranar gobe tata ce.

Sai kiɗa ya sauya. Uwar tsuntsaye ta sauko ta cika allo, amma hasken ya dushe har jikinta ba ya ganuwa sosai, idanun nan uku kaɗai ke ƙyalli. Jirgi saura ƙiris ya nutse.

"Kowa ya kama nasa," in ji Yaya, da muryar da take ba marasa lafiya umarni. "Ba wanda zai harba sai na ce uku. Dogo, da kai nake. Kai ka kashe mu wancan karon."

"Shekara arba'in ba ki manta ba?"

"Ɗaya. Biyu. Uku!"

Tas!

Allon ya yi fari fat. Uwar tsuntsaye ta wargaje, fuka-fukanta na zuba cikin teku. Baranda ta kaure, Dogo ya rungume Auta ya ɗaga shi sama, Maman yara ta ɗauki ludayinta tana bugawa a bokiti, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya.

A allon kuwa ɗan jirgin ya juya a hankali ya nufi gaɓa, wani rubutu da ba wanda ya iya karantawa yana hawa sama. Kafin ya ƙare, hoton ya tsuke ya zama ɗigon haske guda, ya ɓace.

Yaya ta goge ido da gefen mayafi. "Shekara arba'in, ashe gida kawai jirgin zai koma."

Maman yara ta ce, "To ni goben tawa fa?"

Auta ya taɓa bayan akwatin, ya janye hannu don zafi. Yaya ta rataye koriya a mazauninta, ta nuna shi da yatsa.

"Ka ji dai. Ka nemo wata kwalbar ko a ina take. Kuma in ka sake gyara min bindiga, Auta, sai na ranƙwashe ka."