Ƙaramin Injin Baba Mai Faskare

Shekara talatin da ɗoriya Baba Mai Faskare ya yi yana neman abinci da gatari. Wurin aikinsa wani fili ne a bayan gidan burodi, inda motoci ke juye gumagumai, shi kuma ya daddatsa su ya faskara, masu burodi da matan unguwa su saya. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance. In ka gaishe shi yana aiki, sai gatari ya sauka kafin ya amsa.

Kafaɗarsa ta dama ce ta riga shi gajiya. Faskare bai cika damunta ba, don itace in ka bi tsagarsa da kansa yake buɗewa. Datsa gungume a gicciye shi ne azabar. Wata safiya ya ɗaga hannu zai sa riga, hannun ya tsaya a rabin hanya. Likita ya ce ya huta wata uku. Kwana tara ya yi a gida, ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya hana kowa sakat, har matarsa ta ce, "Malam, ko dai ka koma filin nan, ko ni in koma."

Babbar 'yarsa, mai ɗinki, ita ta raka shi shagon injina. Mai shagon ya jera masa manyan injinan yankan itace. Baba ya ɗaga ɗaya, ya ji nauyinsa har cikin wuya, ya ajiye. Can ƙasan kanta ya hango wani ƙarami ja a kwali, bakinsa bai kai kamu ɗaya ba.

"Wancan fa?"

"Baba, ai na masu rage rassa a gida ne. Shi ya fi arha, amma ba ya ɗaukar wahala."

"Ni ma na daina ɗauka. Fito da shi."

Mai shagon ya yi ta bayani. A gauraya fetur da mai kafin a zuba, sarƙar da ke yankan kuma da nata man daban. Kada haƙoranta su taɓa ƙasa, kada a yi yanka da tsinin bakin, don yakan yi tsalle ya nufo fuska. Baba yana ta gyaɗa kai, hankalinsa na kan injin. 'Yar ce ta rubuta komai a murfin kwalin, ta ƙara masa da tabarau da safar hannu.

Ranar farko ya ja igiya da hannun hagu har gumi ya jiƙa shi, inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Sai da rana ta take injin ya tashi. Amma da ya ɗora shi a kan gungume, aikin da yake cin rabin sa'a ya ƙare kafin ya gama mamaki. Ya tsaya yana kallon garin itacen da ya rufe masa takalmi.

Matarsa ta sa wa injin suna Auta. "Ga kuka, ga shan tsiya, kuma ba a isa a taɓa shi ba," in ji ta.

A mako na biyu Auta ya daina ci, sai hayaƙi da ƙauri. Baba ya tabbata an cuce shi. Ya kai wa wani mai gyaran janareta, mutumin ya shafa sarƙar da yatsa ya ce, "Baba, inji lafiya lau. Yashi ka ba shi, haƙora sun dakushe." Ya ɗauko siririn magagari ya wasa haƙori uku. Baba ya karɓa ya ƙarasa sauran da kansa. Wanda ya tsufa yana wasa gatari ba a yi masa wannan darasi sau biyu.

Da damina ta yi ƙarfi, iska ta kayar da wata tsohuwar bishiya a bakin lungunsu, ta toshe hanya, ko babur ba ya wucewa. Wani mai babban inji da aka nema ya ce sai bayan mako guda. Baba ya zagaya bishiyar sau biyu, ya fara da rassa. Gindin ya fi bakin injin kauri nesa ba kusa ba, don haka ya riƙa yanka ta wannan gefe, ya zagaya ya tare ta wancan. In injin ya yi zafi ya kashe shi, su huta tare a inuwar katanga. Maƙwabta suna jan abin da ya yanke. Kwana uku aka yi, a rana ta huɗu motar ruwa ta shigo lungun.

Injin bai yi tsawon rai ba. Ya ci sarƙa huɗu, igiyarsa ta tsinke ba adadi, a shekara ta uku ya tsaya cak, mai gyara ya ce a haƙura. Kunnen Baba na hagu ma ya ɗan yi nauyi, sai an ɗaga murya yake juyowa. Amma kafaɗar ta lafa, yana sa rigarsa da kansa.

Ya koma shagon shi kaɗai. Mai shagon ya fara jawo wani babba, Baba ya girgiza kai.

"Irin na da za ka ba ni, ɗana. Ka haɗa min da magagari biyu."