Fuskar da Kakata Ba Ta Gani Ba

Jiya 'yata ta ce "tsamiya", sai yawu ya cika mini baki, na ga itacen ƙofar gidanmu na Sintali har da bencin da ke gindinsa. Gwada da kanka. Ka ce "wuta", za ka ga ja. Ka ce "adalci", ba ka ganin komai. A wurin kakata na fara sanin wannan.

Ta makance tun kafin a haife ni. Da rani, in na dawo daga makaranta, nakan tarar da ita a inuwa tana ɓarar gyaɗa, sai ta ce in zauna in ba ta kalmomi ta yi kallo. In na ce "mangwaro", ta tambaya ɗanye ko nunanne. In na ce "kogi da damina", ta ce ga shi nan jawur, yana tafiya da karan masara. Lokacin ba a daɗe da mai da Jalingo babban birnin jiha ba, sababbin abubuwa sai shigowa suke. Na ce mata "sakatariya", ta ce wannan fanko ce, babu komai a ciki. Na yi ta tsokanarta da baƙauyiya.

Wata rana da la'asar ta kira sunana, na amsa, ta sake kira.

"Ba kiranki nake ba," in ji ta. "Faɗa nake ko zan gan ki."

Na shiga kwatanta kaina da iya gaskiyata. Na ce hancin babana gare ni, sai ta ga babana yana yaro. Na ce ina da wushirya, sai ta ga ƙanwarta da ta rasu a Zariya. Kowace kalma na miƙa mata, wani take ɗauko mata cikin mutanen da ta riga ta gani. Ta shafa fuskata da hannu mai ƙamshin gyaɗa, ta ce in bari haka. Na yi kuka, don ban san abin da zan ƙara ba.

Yanzu har jaririn jiya yana da hoto a waya, kakata kuwa ko ɗaya ba ta bari ba. Da 'yata ta tambayi kamanninta, na ce doguwa ce, baƙa, mai zane shuɗi. Sai ta ce ta gan ta: irin tsohuwar nan mai sayar da kunu a Nukkai.