Adam mai banda ba shi da takarda

Tun shekarar da ruwan madatsar Alau ya shigo gari ban ga Adam cikin damuwa irin ta yau ba.

Maƙwabcina ne a Kasuwar Kwastam, bandar kifi yake sayarwa. Yana goye uwarsa ta shigo da shi daga Chadi lokacin yaƙinsu.

Da hantsi jami'an shige da fice suka zo duba baƙi. Wani ɗan Chadi da ya zo bara ya miƙa fasfo, suka wuce shi. Suka tsaya kan Adam.

Na ce wa babbansu, "Ɗana, da hannuna na sa mahaifin mutumin nan a kabari a garin nan. Shi ne baƙo?"

Ya ce, "Baba, ban ƙaryata ka ba. Amma wancan ta ƙofa ya shigo, hukuma ta san da zamansa. Wannan ku kuka san shi, mu ba mu san shi ba. In bai gyara ba, wata rana mayar da shi za a yi."

"A mayar da shi wajen wa?"

"Shi ya sa nake gaya muku tun yanzu."

Ni ban yi boko ba, kuma har yanzu ban yarda takarda ta fi shaidar unguwa ba. Sai dai gardamata ba za ta hana a ɗauke shi ba.

Cikin masu karanta wannan, wanda ya san takardun da ake nema, ya faɗa mana a nan. Gobe da safe ba zan buɗe rumfa ba. Zan ja Adam mu je wajen Bulama, mai unguwarmu, daga can sai ofishin shige da fice.