Ranar da Inna ta kira sunan ɗanta na fari

Jikokina 'yan jami'a, da abokanku masu leƙen shafina, ku matso. Sama da shekara sittin ina rufe da wannan magana. Jiya mijina Alhaji ya ce in faɗa, mai jin haushi ya je wajensa.

Lokacin Bature bai tafi ba, Gyaɗi-Gyaɗi duk gonaki ne, daga ƙofarmu kana hango Tarauni. Ina amarya, mijina yana karatu a jami'a can Ibadan. Tafiyata ma daban ce don yanga.

Wasiƙunsa suka fara gajarcewa, daga baya suka ɗauke.

Rannan da hantsi sai ga shi, wani abokin karatunsa Bayarabe ya rako shi a jirgin ƙasa. Abokin ya ce mana, "Jarrabawa ɗaya ya faɗi. Tun ranar ba ya barci, ba ya shiga aji. Kada ku bar shi shi kaɗai."

Mijina ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ba ci, ba wanka. In na matsa masa sai ya ce, "Na kunyata gidan nan, gara a ce babu ni."

Na kwashe wuƙaƙe da igiyar guga na kai maƙwabta.

An sha rubutu, an yi hayaƙi har idona ya yi ja. Shiru. Inna, mahaifiyarsa, ta sayar da tunkiyarta muka kai shi asibiti cikin gari. Aka ɗebi jini, aka auna fitsari, aka sa masa ma'aunin zafi a baki.

Likita ya ce, "Jikinsa ƙalau yake. Damuwa ce ta danne shi, ita ma ciwo ce, kuma ana warkewa. Ga maganin barci. Maganar wa yake ji a gida?"

Na ce ta mahaifiyarsa.

"To ta riƙa zama da shi kullum, ta kira sunansa, ta yi masa hira."

Saura kaɗan dariya ta kufce min. Ɗan fari ne fa! A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan farinta. Tunda Inna ta haife shi ba ta taɓa ambatar sunansa ba, sai "yaron nan". Ni kuma mace ba ta faɗin sunan mijinta. Mata biyu a gida, babu mai bakin kiransa.

Da na isar da saƙon, Inna ta ce, "Wannan likita, ba a koya masa kunya a gidansu ba?"

Kwana uku ba ta motsa ba. A na huɗu ta ga na fito da kwanon tuwo yadda na shigar da shi. Ta karɓa daga hannuna, ta tsaya bakin ƙofarsa, tana ta murza gefen mayafi.

"Habibu."

Ya juyo kamar an watsa masa ruwa.

"Habibu, ni na haife ka, ba takarda ba. Tashi ka ci."

Ya yi kuka har da majina. Ya ci loma uku, ina laɓe ina kallo.

Kada ku ɗauka nan take ya warke. Wata biyar muka yi, duk sati biyu asibiti. Wata ran ya ci, wata ran ya koma gidan jiya. Inna kuwa kullum bayan la'asar tana kan tabarmarsa, tana ba shi labarin rashin jin da ya yi yana yaro.

Ya koma, ya maimaita shekara, ya gama. Ranar da ya hau jirgin komawa Ibadan, Inna ta ce min, "Allah ya kai yaron nan lafiya." An koma kunya ke nan.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa abokin nan da likitan nan da alheri.

Ku kuma, in abokinku ya daina shiga aji, ya daina ci, ku buga masa ƙofa. Ku raka shi asibitin makaranta da ƙafarku, ku sanar da gida. In ya ce gara babu shi, kada ku ce wasa ne, kada ku tashi daga wajensa. Iyaye, waya ba ta tambayar sakamako kaɗai ba ce.

Ni har yau bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Ga shi yau na rubuta shi sau biyu duniya na gani, mai sunan yana gefena yana cewa in ƙara na uku.

To, Habibu. Tashi ka ci, tuwon ya huce.