Safar Hannun Kawu

Kowa a ɗakin rabon abinci na unguwarmu Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Kafinta ne, gajere, mai taurin kai kamar tsohuwar ƙusa a katako, kuma tun yana saurayi zarto ya raba shi da yatsu biyu a hannun dama. Bai taɓa ɓoye hannun ba. Da shi yake nuna mana inda muka yi ba daidai ba, kuma kullum sai ya samu wurin nunawa.

Ɗakin tsohon gareji ne da wani mai motocin haya ya bar mana. Masu shaguna su kawo shinkafa da mai, gidan burodi ya aiko da abin da ya kwana, matan aure su tsakuro wake daga nasu, mu kuma 'yan sa-kai mu auna, mu ƙulla a leda, mu raba ranar Asabar. Ni na shiga ne bayan na ajiye aikin jinya, da zaman gida ya fara sa ni faɗa da kujeru.

Da farko layi ake yi a bakin ƙofa, a idon duk mai wucewa. Kawu ya ce wannan ba taimako ba ne, tozarci ne. Ya ba mu labarin mahaifiyarsa, wadda ta gwammace su kwana da yunwa da ta tsaya a layi maƙwabta na kallo. Bai jira amincewar kowa ba, ya fasa bangon baya ta wajen lungun da ba a cika bi ba, ya yi 'yar taga mai faɗin tire, ya kafa mata katako, ya rataya labule mai kauri. Mai karɓa ya miƙo hannu, mu ɗora masa leda, shi ke nan. Ba a ɗaga labule, ba a tambaya, ba a kiran mutum ko da an gane shi. Wanda ya karya doka, Kawu zai wanke shi tas a gaban jama'a.

Shi ne kuma ya ajiye kwando a bakin ƙofa, ya ce duk ɗan sa-kai ya riƙa zuwa da nasa, komai ƙanƙantarsa, don kada mu zama masu kyauta da kayan wasu. Shekara da shekaru ledarsa ce ke fara faɗawa a kwandon.

Sai matarsa ta rasu. Bai gama farfaɗowa ba ido ya fara ba shi matsala, ga kujerun kamfani sun cika kasuwa, ba mai zuwa a yi masa tebur. Ya rufe shago, ya ce hutu yake yi. 'Yarsa guda ɗaya tana aure a nesa, in ta kira ya ce mata lafiya lau. Mun ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, mun ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa, amma ba wanda ya ce uffan. Shi da kansa ya horar da mu a kan kawar da kai, kuma wallahi mun iya karatun. Daga baya ya ce ƙafa na damunsa da safe, sai rana ta ɗaga zai riƙa zuwa.

Wata Asabar ina kan taga, ana zafi kamar a cire fata, sai ga hannu ya shigo sanye da safar hannu ta masu aiki. Na ɗora masa leda. Da ya damƙe ta, yatsu biyu na safar suka lanƙwashe, ba komai a ciki. Mutumin da ya yi tagar nan don kada a ga fuskar kowa, ya manta cewa shi hannunsa ne fuskarsa. Na sakar masa ledar kamar yadda ya koya mini, hannun ya janye.

Da rana ta ɗaga sai ga shi ta ƙofar gaba, ya yi wanka, yana faɗan an bar buhu a ƙasa. Ya jefa ledarsa a kwando. Ni ina da irin ƙullina, na masu ɗaurin bandeji, mai kunne ɗaya, ba wanda ke yin sa sai ni. Ledar da na miƙa masa da safe ce, ya kwance ta, ya ɗebi abin da bai kai rabi ba, ya yi ƙoƙarin mayar da ƙullin bai iya ba. Ashe ba zai iya shigowa hannu rabbana ba, ko da cikinsa ne zai biya. Na shiga bayan buhuna na yi kukana, ga haushinsa ga tausayinsa.

Haka muka yi ta yi har makonni. In na ga safar, sai in zaɓo ledar da na danna wa awo. Ya kai gida, ya dawo mana da mafi yawanta. Ban gaya wa kowa ba, amma ba ni kaɗai ke da ido ba.

Matar mai burodi, wadda ita ma 'yar sa-kai ce, mutuniyar kirki ce, sai dai bakinta ya riga tunaninta tashi daga barci. Ranar da aka sa ta a taga, ina gefe ina awo ina ƙullawa, safar ta shigo. Na ga ta ƙura mata ido, na girgiza mata kai, amma ina. Ta riƙe ledar, ta sunkuya kusa da labule.

"Kawu, don Allah ka cinye wannan. Kada ka dawo mana da ita."

Hannun ya tsaya cak, sannan ya janye a hankali, ya bar ledar a kan katako. Muka ji takunsa yana barin lungu. Ranar bai zo ta gaba ba, bai kuma sake zuwa ta ko'ina ba.

Na so in cinye matar nan ɗanya, amma me ta faɗa wanda ba shi ne a raina ba? Na ɗauki ledar na nufi gidansa. Ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujerar da ya yi wa matarsa, ya kawo mini ruwa. Daga inda nake zaune ina hango murhu, ba alamar an hura shi kwanan nan. Ya tambayi kowa da kowa, har ya ce a duba katakon taga, damina na tafe. Da na ajiye ledar a kan tebur, fara'ar ta ɗauke.

"Ƙanwata, wa ya ce miki ni ne?"

"Ba wanda ya ce, Kawu."

"To, ki mayar wa mai ita. Wataƙila ya dawo."

Da zan fita na faki idonsa na tura ta bayan ƙofa. Na kira 'yarsa na gaya mata gaskiya, ya ji haushina ko kada ya ji. Ta zo ta tafi da shi, yana tirjewa. Jikin ya riga ya ci, abinci ma ba ya zama masa. Bai ga ƙarshen damina ba, Allah ya jiƙansa.

Bayan rasuwar 'yar ta dawo kwashe kayan gidan, ta biyo ta wajenmu ranar rabo. Ta kawo zartonsa da gudumarsa, ta ce ko za su yi mana amfani. Sannan ta fito da leda daga jaka, ta ce a kan tebur ta same ta tun ranar da ta zo ɗaukarsa, ya hana a taɓa, ya ce ta ɗakin rabo ce, a kwando za a sa. Ta tambaye ni ina kwandon yake.

Na nuna mata. Ƙullin yana nan da kunnensa ɗaya, yadda na yi shi.